Sanarwar Rasuwar Sallau Mai Ruwa

Jiya ina zaune bayan ƙofar sutudiyo ina jin hirarku. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ga shi can yana sosa ƙeya, ya ce wai aikin animata, mai gabatar da shiri a rediyo, ba komai ba ne, surutu ne da sa waƙa, in kuma Allah ya ɗaga ka sai a kira ka fim kamar yadda aka kira Baba Mutari. To ga Baba Mutarin a gabanku. Ku kife salulolin nan a kan tebur inda zan riƙa ganinsu. Ban yarda da waya a hannun mutum ina magana ba, kuma kafin mu tashi za ku san dalili.

Aikin farko da aka ba ni a gidan rediyon nan na Matamaye shi ne juya kaset da biro. Malam Manzo, wanda ya koya mini sana'ar, Allah ya jiƙansa, ya ajiye mini kwali cike da kaset ya ce kowace in mayar da ita daidai farkon waƙar da za a sa. Ba a juyawa da na'ura, don kada a gajiyar da ita. Ka zura biro a ramin kaset, ka kaɗa, ka saurara, ka ƙara kaɗawa. Da safe in goge kan na'ura da auduga da alkol. In zare ya tsinke, in liƙe shi da jan farce, in busa har ya bushe. In an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, ni ne mai gudu bayan gida in ja igiyar grup, wato janareto. Wata shida na yi a haka ban ce ko uffan a mikro ba. Ranar da na tambaye shi yaushe zan shiga anten, wato in fara magana jama'a na ji, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai baki kake da shi, Mutari. Kunne nake jira ka yi.”

Daga kaset sai ya mayar da ni kan katin gaisuwa. Ku ba ku san shi ba, yanzu saƙo kuke karantawa a waya. A lokacin da an gama girbi maza sun watse cin rani, Kano, Ikko, Fatakwal, sai katuna su riƙa zuwa mana a hannun direbobi, ɗaure da roba, wani da maiƙon ƙosai a jiki. Kati ɗaya ka iske suna talatin, rubutu kamar tafiyar kaza. Ka tsallake suna guda, ka yi abokin gaba har ƙarshen damina. Amma karantawar ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne ka zargi katin kafin ka karanta shi. Wa ya aiko? Me ya sa yake gaida matar wane bai gaida wanen ba? Akwai wani mutumin Dungu da ya aiko yana gaida maƙwabcinsa, gaisuwa mai kyau, abokin arziki kaza kaza, ya zaɓa masa wata waƙar zambo da aka yi wa ɓarawon akuya. Na riga na sa kaset a na'ura, Malam Manzo ya dafe hannuna. Ya ce, “Me ya haɗa abokin arziki da ɓarawon akuya?” Da muka bincika, ashe akuyarsa ce ta ɓace, maƙwabcin yake tuhuma, yana so mu zagar masa shi duk ƙasar Kance ta ji.

Sanarwar rasuwa kuwa, nan ne Malam Manzo ba ya wasa ko kaɗan. Wata ranar kasuwa wani mutum ya shigo da babbar riga, da takarda a ninke, yana ta salati, ya ce ɗan'uwansa ya rasu a Kano, a sanar. Malam ya ba shi kujera, ya yi masa gaisuwa, sannan ya fara.

“Kai mene ne naka da mamacin?”

“Ɗan wan babana ne.”

“Allah sarki. Wa ya yi masa wanka?”

Mutumin ya ce bai sani ba.

“Wane liman ya sallace shi? A wace maƙabarta aka kai shi? Mai garinku ya sani?”

Sai mutumin ya ce bari ya leƙa waje ya kira wanda ya fi shi sani. Har yau bai dawo ba. Rikicin gona ne tsakaninsu, mamacin kuma yana Kano lafiya lau yana sayar da rake. Malam Manzo ya ce mini, “A ƙauye, in ka ce wane ya mutu, to ya mutu, ko da yana zaune yana cin tuwo. Ba su da wata takarda da ta fi muryarka. Kada ka taɓa ara wa kowa ita.” Na ce to. Na riƙe wannan shekara da shekaru, kuma ban taɓa karya ta a cikin ɗakin nan ba.

Da Malam ya tsufa shirin gaisuwa ya dawo hannuna, kuma ba yabon kai ba, na yi suna. Daga Tsauni har ƙauyukan tsallaken iyaka, in na buɗe baki da hantsi mata suna daka suna amsa mini. Mutari Na Kowa ake ce mini. Ina da masu aiko kati da ba sa fashi, kuma gaba da su duka akwai wani Sallau Mai Ruwa ɗan Kurni. Kowane rani yana Ikko yana tura ruwa a jarka yana sayarwa gida gida. Duk mako sai katinsa ya zo, kuma iri ɗaya yake rubutawa: Sallau Mai Ruwa ɗan Kurni, maigidan Baraka, baban Lawali. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma sunan ya zauna mini a harshe, ko daga barci aka tashe ni zan jero shi.

Sunan da na yi shi ya kai ni talabijin a Damagaram, wasan kwaikwayo na mako mako. Ranar farko da aka kafa mini kyamara na gane ashe ban iya komai ba. A rediyo kana iya zama da silifa, ka ɗora ƙafa a kujera, ka sosa inda ya yi maka ƙaiƙayi. Kyamara ba ta barin komai. Aka ce hannuwana sun cika yawo, aka ce ina rufe ido in zan yi magana, aka ce ina kusantar abokin wasa kamar zan cinye shi, saboda na saba manna baki da mikro. Da aka nuna wasan, wata tsohuwa ta tare ni a tashar mota ta ce, “Ashe kai ne? Yo ni na ɗauka wani ƙato ne.” Sai da na yi wata uku ina magana da madubi kafin na daina jin kunyar kaina.

Daga nan masu fim na Kano suka neme ni. Na fito a mai unguwa, na fito a alƙali, na fito a baban yarinya har na gaji. Ku sani, a wancan lokacin yawancinsu ba sa ba ka takarda. Darakta zai tsaya ya ce, “Baba, ga abin da ya faru, ka yi faɗa, ka kore shi,” sauran kuma daga bakinka. Wannan ya yi mini daɗi, don ni baki ne jarina. Kuma nan ne na yanka kaina.

Wani shago ne aka gyara ya zama kamar sutudiyo, aka kafa mini mikro wanda ko waya babu a gindinsa. Darakta ya ce akwai fitowar da jarumi zai shiga wurin mai shayi, rediyo na yi a gefe, suna so a ji kamar gaske. “Ka cika mana minti ɗaya da sanarwar rasuwa, irin yadda kake yi a can gida.” Na ce a ba ni takarda da suna. Ya yi dariya. “Haba Baba, wa zai saurara? Magana za a riƙa yi a kai. Sa kowane suna.” Aka ce a fara. Na gyara murya, na yi salati, na buɗe baki, sunan da ya fi zama a harshena ya fito da kansa. Na ce Allah ya yi wa Sallau Mai Ruwa ɗan Kurni rasuwa a Ikko bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar matarsa Baraka da ɗansa Lawali. Na yi masa addu'a mai kyau. Aka tafa mini.

Ba zan ce muku ban ji komai ba. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Na ce wa darakta mu sake, mai sunan nan yana raye. Ya ce rana na tafiya, batirin kyamara ya kusa ƙarewa, ga fitowa biyar a gaba, kuma ai Ikko ina, Kurni ina, wasa ne kowa ya sani. Da Malam Manzo ne da ya zauna a kujerar ya ƙi tashi sai an goge. Ni na tashi na cire hula na ba mai kaya.

Bayan wata biyu, da hantsi, na fito daga anten na iske maza uku zaune a kan benci a ƙofar gidan nan, fuska ba walwala. Babbansu ya ce sunansa Habu, shi ne wan Sallau. Ya ce sun zo godiya, da kuma tambaya.

“Malam Mutari, Allah ya saka da alheri da ka sanar. Jiya muka yi sadakar uku. To amma ba mu san wanda ya kawo maka labarin ba. Wa ya yi masa wanka? A ina aka binne shi? Uwarmu tana so ta sani.”

Na ce wa ya rasu? Ya dube ni, ya ciro salula daga aljihu ya danna. Muryata ce, tsaf, ba maganar jarumi a kai, ba ƙarar kofin mai shayi, ni kaɗai ina salati ina kashe ƙaninsa. Ya ce a wayar wani ɗan garinsu da ya dawo daga Kano aka ji, daga nan kowa ya tura wa kowa. Sun buga wayar Sallau ya fi sau ɗari, a kashe take tun mako biyu. Da suka haɗa wannan da wancan, kuma murya tawa ce, sai suka shimfiɗa tabarmi. Baraka ta shiga takaba.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ce, “Malam Habu, wannan fim ne. Wasa ne.” Ɗaya daga cikin na bayansa ya miƙe tsaye, Habu ya riƙe masa riga. Ya ce mini a hankali, “To taso ka faɗa wa matarsa da bakinka.”

Na hau bayan babur muka tafi Kurni. Aka tara mai gari da liman da dattawa a ƙofar gidan, ga ragowar goron sadaka a faranti. Na tsaya na yi bayani tun daga shago har mikro mara waya. Ba wanda ya katse ni, ba wanda kuma ya gyaɗa kai. Da na gama sai murya ta fito daga bayan zana, ita ce Baraka.

“Malam, na ji. To yana raye?”

Na buɗe baki in ce yana raye, sai na tuna ban sani ba. Wayarsa a kashe take, Ikko ba nan kusa ba ce. Na ce, “Baiwar Allah, ban sani ba.”

Ta ce, “Ka san mutuwarsa, ba ka san ransa ba.”

Liman ya ce ba a yin takaba a kan shakka, ta koma harkokinta har a tabbatar. Ta ce ta ji, amma ba za ta fita ba sai ta ji muryar mijinta. Haka ta zauna a ɗaki, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Ni kuma kullum a anten ina roƙon duk wanda ke da ɗan'uwa a Ikko ya buga masa, a nemo mana Sallau. Kwana tara ina wannan. A na goma wayar gidan rediyo ta yi ƙara.

“Kai ne Mutari?”

“Ni ne.”

“Sallau ne. An ce ka kashe ni.”

Ashe wayarsa ce ta faɗa rijiya yana jan ruwa, ya ce sai ya tara ya sayi wata. Bai san komai ba sai da wani ɗan Tsauni ya gan shi a bakin titi ya zubar da kayansa ya ruga. Dole ya bar aikin rani rabi ya taho gida, don uwarsa ta ce murya a waya ba ta ishe ta ba, ai murya ce ta kashe shi. Ranar da ya iso na je. Gajeren mutum ne, kafaɗunsa duk kanta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, “Duk sunayen da ke duniya, me ya sa nawa?” Na ce shi ne ya zo mini baki. Ya ce, “To Allah ya fitar da ni daga bakinka.” Bai sake aiko kati ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Katuna suka ɗauke kamar ruwan kaka. Waɗanda suka zo ma, wasu a rubuce a ƙasa, kada Mutari ya karanta. Aka ce ina da kambun baka, wanda na ambata sai ya ga abin da ya gani. Na shiga kasuwa mace ta fara kiran ɗanta, ta hango ni, ta haɗiye sunan. Wasu suka ce ba kuskure ba ne, Habu ne ya haɗa baki da ni saboda gonar gado, don an ji shi tun ran sadakar uku yana zancen wa zai noma ta. Maganar ta kai kunnen Sallau, 'yan'uwan suka yi shekara biyu ba sa cin abinci kwano ɗaya. Shugaban gidan rediyo ya kira ni ya ce in bar karanta sanarwa tukuna, in tsaya a waƙa. Ni da aka san ni da baki, na koma ina sa faifai ina cewa ga ta nan ku sha.

Na koma Kano neman wanda ya fitar da muryar, don fim ɗin ma bai fito kasuwa ba a lokacin. Mai haɗa hoto ya rantse mini da Alƙur'ani ba shi ba ne, ya ce shagonsa kowa na shiga, 'yan ƙasarku ma suna zuwa cajin waya. Darakta ya ce in kwantar da hankalina, ai wannan talla ce kyauta. Na so in shaƙe shi. Na zargi mai haɗa hoton. Na zargi wani abokin aikina na nan gidan da ya daɗe yana son shirina, kuma shi aka ba. Na zargi Habu ma, ban ɓoye muku ba. Wataƙila kuma wani bawan Allah ne ya ji a shagon, ya ɗauka gaskiya ce, ya kai gida da kyakkyawar niyya. Har yau ban sani ba, kuma har yau in na ga ɗayansu sai na dubi hannunsa.

Ban bar fim ba, na ƙara shekaru ina yi, amma na zama mai wuyar sha'ani. Ba na faɗin suna sai an rubuta mini, in an rubuta kuma sai na tambayi na wane ne, garin nan akwai shi ko babu. Ba na karanta rasuwa ko ɗaurin aure ko cigiya da muryar aiki, sai dai in maƙale ta yadda kowa zai san wasa ne. Suka sa mini Baba Mai Zargi, wasu suka daina kirana. Ko a jikina. A nan gida kuma sannu a hankali mutane suka dawo, aka mayar mini da sanarwa, yaran da aka haifa bayan abin ba su ma san an yi ba. Na ɗauka ya wuce.

Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku naku ya fi nawa haɗari. Ni sai da na je Kano aka yanki muryata. Ku kowane mai sauraro yana da abin yanka a aljihunsa. Duk abin da za ka faɗa a mikro, ko na gaske ko na wasa, ka fara tambayar kanka, in an cire gabansa an cire bayansa aka kai wa wata tsohuwa a Dungu, me za ta ji? In amsar ba ta yi maka daɗi ba, rufe bakinka ka sa waƙa.

Bara da damina, da safe, ina shirin shiga anten aka ce ana sallama da ni. Wani magidanci ne da gemu, da takarda a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ne Lawali ɗan Sallau. Babansu ya rasu da asuba a gida, a gabansa, bayan jinya ta wata biyu. Ga hatimin mai gari a takardar, ga lambar liman. Suna so a sanar yanzu don dangi na Tsauni da abokan cin raninsa su samu jana'iza da azahar. Na yi salati, idona ya cika, na yi masa gaisuwa. Na ce wannan ni zan karanta da kaina, in yi masa addu'ar da ta dace da shi. Na miƙa hannu.

Bai saki takardar ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Inna ta ce kowa ya karanta ban da kai. Ta ce in kai ka faɗa, mutane za su zauna a gida suna jira ya bugo waya.”

Na ce ta yi gaskiya. Na leƙa ofis na kira Hajiya Rakiya mai shirin mata, na ba ta kujerata. Ni na zauna wurin na'ura na buɗe mata mikro, ta karanta sau uku.